Wanka Biyu a Gidan Mai Tuta

Shekarata saba'in da tara a bana, kuma damina guda ta gitta tsakanina da ranar da zan ba da labarinta. Na ɗauki alƙalami ne domin na ga mantuwa ta fara zagaya gidajenmu. Yaƙi ya watsa jama'a, wasu sun yi gabas, wasu sun tsallake iyaka, jikokinmu kuwa Larabci ya fi zama a bakinsu bisa ga harshen kakanninsu. Ina tsoron ranar da za a ce Mai Tuta a wanga gari, wani ya tambaya ko wane ne.

Shi ɗan wan mahaifina ne. Yaya nake ce masa tun ina rarrafe har ya koma ga Ubangijinsa. Garinmu ɗan ƙauye ne a cikin Jazira, tsakanin Wad Haddad da bakin kogi, mazaunin zuriyar waɗanda sunka baro Sakkwato da niyyar Ɗakin Allah, tafiya ta tsaya musu a nan, sunka kafa bukkoki, sunka haifi iyayenmu.

Yaya ya cika da hantsi, ranar da sama ta huta bayan ta daɗe tana zuba. Tsofaffin mata sunka cika tsakar gida da salati. Liman ya zauna a bakin zaure, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Matar marigayin, wadda duk gari ke kira Inna, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bayan labule ta kira ni da sunan tsokanar da ta laƙaba mini tun tana amarya.

"Malam Ƙarami, yayanka ya sake hawa sama, wannan karon ma bai ɗauke ni ba."

Muna nan sai ga ɗansa na tsakiya, wanda shi kaɗai ya rage a gari cikin 'ya'yansa maza, mutum ne da furfura ta fara taɓa gemunsa. Laka ta kai masa har gwiwa. Ya durƙusa gabana ya ce, "Ya Baffa, mun haƙa a bayan gari, ruwa ya ɓuɓɓugo tun ba mu yi nisa ba. Mun sake wuri, shi ma haka. Ƙasa ta sha ta ƙoshi."

Maƙabartarmu ta asali tana kan tudu a bakin kogi, inda kakanninmu ke kwance, kuma can Yaya ya yi wasiyya a kai shi. A rani mai ƙafa kan isa kafin rana ta take. Amma a damina baƙar lakar Jazira takan haɗiye jaki har ƙirji, balle wannan shekara da turu'a, babbar magudanar ban-ruwa, ta ɓalle don babu mai gyara. Majiya ƙarfi sun gudu, mu da munka rage ba za mu kai makara ko ƙarshen layi ba. Abin hawa guda ne zai iya ratsa hanyar, tsohuwar taraktar gidansu da anka binne cikin karan dawa. A samanmu kuwa akwai musayyara, ɗan jirgin nan marar matuƙi da sojoji ke aikowa yana shawagi, yana neman motoci a ƙasa, in ya ga ɗaya ya bi ta. Ko dai mu kwantar da Yaya cikin ruwa kamar wanda ba shi da kowa, ko mu fitar da mota ƙarƙashin idon da ke farautar motoci.

Bari in bar mu a zauren nan muna kallon juna, in faɗa muku ko wane ne munka rasa.

Zamanin da auduga ke sarauta a Jazira, akan aiko ƙananan jirage su yi wa gonaki feshin maganin ƙwari. Matuƙin jirgi ba ya gane inda layi ya tsaya, sai an sa mutum a bakin gona riƙe da farar tuta a kan doguwar gora. Jirgi ya saito tutar, ya sauko ƙasa-ƙasa har ganyen auduga ya kwanta, ya wuce bisa kan mutumin, shi kuwa ya matsa zuwa layi na gaba ya sake ɗagawa. Wannan aiki Yaya ya yi tun yana saurayi har jiragen sunka daina zuwa. Nan ya samo sunansa, nan kuma ya samo tarin da ya zauna masa a ƙirji har ƙarshen rayuwa.

Ni almajirin littafi ne, kuma ban taɓa ɓoye masa ra'ayina ba. Na ce masa, "Yaya, kakanninmu sun ɗauki tuta a gaban dawaki don addini, kai ka ɗauke ta don tsutsar auduga?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Malam, su sun ɗaga wa mutane, ni sama nake ɗaga wa. Wa ya fi wani babban baƙo?" Munka yi wata guda ba na shiga zaurensa. Shi ya zo da kansa da tukunyar gahawa, ya zauna a kan buzuna kamar babu abin da ya faru. Har yau ban janye maganata duka ba, shi ma bai janye tasa ba.

Wata shekara wani matuƙi Bature, da ya saba ganinsa a tsaye cikin hayaƙin magani ba ya gezau, ya ce ya zo ya ɗana. Ya cusa shi a bayan kujera kamar buhu, sunka tashi. Yaya ya ba da labarin wannan hawa sau da yawa har yara sunka haddace, amma ni ban taɓa gajiya da shi ba, domin in yana faɗa idonsa kan bar mu ya tafi wani wuri. Ya ce ƙasa ta saki ƙafarsa a hankali, kamar uwa ta zare hannu daga yaron da ya yi barci. Ya ce ya ga Jazira shimfiɗe kamar saƙar tabarma, magudanan ruwa kamar zaren azurfa, kogi yana kwance yana numfashi. Garinmu ya zama kamar tsabar dawa da anka zubar a faifai. Ya nemi gidansu bai gane ba. Ya nemi mutum, ko guda bai gani ba.

"Daga sama ba a ganin mutum," in ji shi. "Mota ake gani, da wutsiyar ƙurarta. Sai kuma abu fari. Fari kan yi magana daga ƙasa."

Inna ba ta yafe masa wannan tafiya ba. Duk sa'ad da ya fara labarin sai ta jefo daga madafa, "Ka je sama ka dawo ko tsarabar gajimare ba ka kawo mini ba."

A wurin aikin nan ne ya yi abin da tsofaffin mata ke ambatonsa da shi ranar rasuwarsa. Wata safiya jirgi ya saito tutarsa, ya kawo kai, sai Yaya ya hangi motsi a tsakiyar gona. Wata baƙuwa ce cikin masu zuwa cirar auduga, tana tsinkar lalo da goyo a bayanta, ba ta san ranar feshi ba ce. Tsakaninsa da matuƙa akwai alama: in anka kwantar da tuta a ƙasa, ma'anarta aiki ya ƙare a nan, ka koma. Ya kwantar da ita. Jirgi ya ɗaga kai ya juya da maganinsa a ciki. Mai duba gonaki ya kore shi daga aiki sauran kakar, Yaya bai ko ɗaga murya ba. Da na yi masa jaje sai ya ce, "Ai na ji daɗi, Malam. Ashe abin da ke sama yana jin magana."

Bayan jirage sun daina zuwa ya naɗe tutar ya soke ta a rufin ɗakinsa. Amma wuyansa bai daina aikinsa ba. Ko cikin hira, in shirwa ta gitta sai ka ga ya ɗaga kai ya raka ta da ido har ta ɓace. Da la'asar yakan ja angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, ƙarƙashin darbejiya, ya kwanta rigingine da ƙaramin kofin gahawa a kan ƙirji, yana kallon gajimare suna tafiya Habasha. In ka tambaye shi abin da yake kallo sai ya ce, "Ina duba hanya."

Sannan yaƙi ya faɗo wa ƙasar. Ba zan ba da labarinsa ba, waɗanda sunka gani ba su bukata, waɗanda ba su gani ba ba za su gaskata ba. Abin da ya shafi Yaya shi ne, wata rana sama ta sake yin ƙara bayan shekaru tana shiru. Ƙara ce siririya, kamar ƙudan zuma da ya faɗa cikin tulu. Mutane sunka ruga ɗakuna. Shi kuwa ya tashi zaune a kan gadonsa, fuskarsa ta yi haske kamar wanda ya ji muryar tsohon aboki, ya ɗaga hannu ya yi sallama.

Ba mu taɓa sanin ko musayyarar ta wane ɓangare ce ba. Mun dai koyi halinta. Ba ta kula da mai tafiya a ƙasa, ba ta kula da garken awaki. Amma in mota ta tashi a kan hanya, sai ta rataya a bisanta ta bi ta kamar inuwa. Ita ba ta cika yin komai ba sai kallo, abin da ke biyo bayan kallon shi ne abin tsoro. Mun ga gawar wata babbar mota a hanyar Wad Haddad, albasar da ta ɗauko ta gasu har ana jin ƙamshinta daga nesa. Daga ranar babu wanda ya sake tayar da inji a garinmu.

Yaya bai daina yi mata sallama ba. Liman ya ce masa, "Alhaji, ƙarfe kake gaisarwa?" Ya ce, "A'a, Liman. A bayan idon nan akwai ɗan wani, zaune a wani ɗaki, ya ƙura wa ƙasa ido har ya gaji. Uwa ce ta haife shi. Na san abin da yake gani, na taɓa gani. Ba ya ganinmu, shi ya sa nake tausayinsa."

A kan haka sunka yi rigima da ɗansa. Ɗan ya so ya kai hatsi wani ƙauye inda ƙannensa mata ke gudun hijira. Ya yaye karan da ya rufe tarakta, ya kwaɓa laka ya shafe ta tun daga kai har tayoyi, don ta saje da ƙasa. Yaya ya fito yana dogara sanda, ya tsaya yana kallo.

"Wannan kuma wace amarya ce ake yi wa lalle?"

"Ya Baba, don kada musayyara ta gan ta ne. Kowa haka yake yi."

"Kowa wa? Wa ka gani yana shafa wa motarsa laka in ba masu bindiga ba? Ka ɗinka mata rigarsu, sannan ka ce kada a ɗauke ta tasu?"

"To in fita da ita tana ƙyalli, in ce ga ni ku harbe ni?"

"Ganinka dai za a yi, ko ka shafa ko ba ka shafa ba. Abin da ya rage gare ka shi ne a gan ka a matsayin wa."

Ɗan ya yi fushi, ya ce da Larabci halas, an fasa. Hatsin ya tafi kaɗan-kaɗan a bayan jakuna kafin ruwa ya sauka. Tarakta ta koma cikin kara da lakarta, ta bushe a jikinta. Uba da ɗa sunka daɗe suna gaisawa a taƙaice, kuma ban ce ɗan ba shi da hujja ba, domin shi zai zauna a kan kujerar.

Yanzu mu koma zaure. Rana tana hawa, gawa ba ta jira. Wani surukin gidan ya ce a jera kara da itace a cikin ramin bayan gari, a kwantar da shi a kai, Allah Ya san uzurinmu. Liman ya ce shari'a ba ta tilasta wa rayayye ya halaka don matacce ba. Ɗan ya ce zai tuƙa, amma da gudu, da lakarta, ya sauke mu ya ɓoye ta a cikin itatuwan bakin kogi.

Sai labule ya motsa. Inna ta turo wata jarka da ƙafa har ta shigo zaure. Man tarakta ne, cike.

"Tun farkon yaƙi marigayi ya ɓoye shi a ƙarƙashin gadona, ya ce guzurin tafiyarsa ne. Ba na tilasta wa kowa. Amma in za ku kai shi, ba za ku kai shi kamar kayan sata ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye a fili don a gan shi daga sama?" Ta juya ga ɗanta. "Kai, je ka wanke motar nan." Ta juyo gare ni. "Kai kuma Malam Ƙarami, da ka raina tutar, yau kai za ka riƙe ta."

Haka anka yi wanka biyu a gida guda. A cikin ɗaki ni da Liman muna zuba wa Yaya ruwan magarya, muna juya shi a hankali, jikinsa ya yi sauƙi kamar na tsuntsu. Ta taga ina jin tsofaffin mata sun yi layi da bokitai daga kududdufi, suna miƙa wa ɗansa. Laka tana narkewa tana gangarowa, jan fentin da munka manta da shi yana fitowa kaɗan-kaɗan. Na ga ɗan yana goge fitilar motar da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. A nan ya yi kukansa, ba a gaban gawa ba.

Munka yi masa salla a ƙofar gida. Munka ɗora shi a kan angarib ɗinsa, cikin likkafani, a tsakiyar tirelar da tarakta ke ja, ba mu rufa masa komai ba don farin ya fito. Inna ta zaro tutar daga rufin ɗaki. Ta yi ruwan ƙasa-ƙasa don tsufa, kuma da na warware ta sai na ji ɗan warin maganin nan, na zamanin da muke samari. Na hau, na jingina da ƙarfen tirela, surukai biyu sunka riƙe ni ta ƙugu. Na ce wa ɗan, "Tafiyar makara za ka yi, ba ta mota ba."

Munka bi gaɓar turu'a. Duniya ta zama ruwa a dama da hagu, gonakin da babu mai nomawa sun zama madubi, sama tana sama, tana kuma ƙasa. Gajimare suna tafiya a ƙarƙashinmu. Balbelu sunka tashi fari fat, sunka sake sauka. Na ji kamar ba a kan laka muke ba, kamar ƙasa ta zare hannunta daga gare mu a hankali, mun tashi, muna ganin Jazira yadda ya gan ta. Liman yana ta hailala, muryarsa tana shiga cikin ƙugin inji tana fita.

Ba mu kai rabin hanya ba sai na ji ƙudan zuman nan a cikin tulu.

Ɗan ma ya ji. Na ga wuyansa ya sandare, tarakta ta ɗan zabura. Na ce, "Kada ka ƙara, ɗana. Ubanka ba ya son gaggawa." Ya sassauta. Na ɗaga kai, da ƙyar na hange ta, ɗigo ne mai walƙiya a gefen rana. Ta zagayo ta tsaya a bisanmu. Na ɗaga gorar iyakar ƙarfina, na kaɗa ta dama da hagu, a hankali, yadda na sha ganin Yaya yana yi daga nesa ina taɓe baki. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, sai na ji na yi mata sallama.

Ta bi mu. Muna tafe tana tafe. In mun karkata ta karkata. Kowa yana sauraren abin da zai biyo baya. Na dubi Yaya a kwance rigingine a kan gadonsa, fuskarsa tana sama kamar kowace la'asar, sai na ji tsoro ya sauka daga ƙirjina ya koma wani wuri mai nisa. Na ce a raina, yau dai an gan ka, Yaya. Ga jar mota, ga farin ƙyalle, ga farin mutum, duk a fili.

Munka hau tudu. Ƙasar can busasshiya ce, tana da ƙamshi. Surukai da ɗansa sunka haƙa kusa da kabarin mahaifin Yaya, ita kuwa tana kewaya mu, ba ta matsa ba. Munka sa shi a makwancinsa, munka jera itace, munka mayar da ƙasa. Liman ya yi addu'a, munka shafa. Har yanzu tana nan.

Sai na tuna da baƙuwar nan mai goyo. Na tako zuwa kan kabarin, na ɗaga tutar sau ɗaya, sannan na kwantar da ita a ƙasa, a miƙe, gefen Yaya. Aiki ya ƙare a nan, ka koma.

Ta ƙara zagaye guda. Sannan ƙarar ta fara sirancewa, ta yi yamma, ta narke cikin iska, har munka ji kukan kogi a ƙarƙashin tudu.

Ɗansa yana cewa mai ne ya ƙare mata, ko an kira ta wani aiki. Mai yiwuwa ne, ban yi masa gardama ba. Na dai lura bai sake shafa wa motar laka ba. Da munka dawo na ba Inna labari, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, ashe ka iya, Malam Ƙarami." Sai a sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Allah Ya haskaka makwancin Yaya, Ya sa tarin da ya sha ya zame masa kankarar zunubi, Ya dube shi da idon rahama, Ya dawo mana da waɗanda sunka watsu.

Abin da na rubuta ban gan shi ni kaɗai ba. Limamin garinmu yana nan da rai, a tambaye shi. Ɗan marigayin na tsakiya shi ya tuƙa. Mijin 'yarsa ta fari da mijin autarsa su sunka riƙe ni a kan tirela. Akwai kuma shaida na biyar, wanda ban san sunansa ba, ban san ɓangarensa ba, ban san ko yana raye ba: ɗan wani da ke zaune a wani ɗaki a ranar, ya raka mu da ido tun daga gaɓar turu'a har bakin kabari, ya bar mu munka koma gida. In wannan takarda ta taɓa isa gare shi, ya sani mutumin da ya gani cikin farin ƙyalle ya daɗe yana gaishe shi.